Na Je Ɗauko Inna, Na Dawo da Iri

Tun da na dawo daga Birnin Gwari ban huta da tambaya ba. Matan da muke zuwa Islamiyya tare, da masu shigowa sayen atamfa a wurina, da maƙwabciyata Hajiya Balaraba wadda ta rantse ba zan dawo da ƙafata ba, kowa sai ya ce yaya hanya, yaya mutanen can, ina kuma tsohuwar da kika ce za ki ɗauko. Bakina ya gaji da maimaici. Shi ya sa na zauna in rubuta sau ɗaya, duk wadda ta sake tambaya in miƙa mata ta karanta da kanta.

An haife ni a wani ɗan ƙauye a yankin Gayam, amma ban tashi a can ba. Ina ƙarama gwaggona ta ɗauke ni riƙo ta kawo ni Kaduna. A Tudun Wada na yi wayo, na yi aure, har na aurar. Ƙauye kuwa sai biki ko ta'aziyya, in kwana ɗaya in gudo. A shekarun da daji ya ƙi zaunuwa, wana Yaya Sale ya kwaso iyalinsa da mahaifiyarmu suka zo wurina, na ware musu ɗakuna biyu. Mutumin da na sani da rumbuna a ƙofar gida ya koma tura baro a kasuwa, in ya dawo ya ci abin da na zuba masa kansa a ƙasa.

Inna kuwa da ƙullin tsumma ta zo, ta ƙi bari kowa ya taɓa. Da damina ta sauka sai ga ta tana tattara fasassun bokitai da wani tsohon bahon wanki, ta cika su da ƙasa, ta jera a jikin katanga bayan ɗakin girki. Ashe zangarniyar dawa ce a ƙullin. Kowace shekara sai ta shuka, in ta fitar da kai ta lulluɓe ta da yagaggen gidan sauro saboda tsuntsaye, in ta nuna ta yanke ta rataye inda hayaƙi ke bugawa. Gonar bokiti muke ce mata. 'Ya'yana har tambayarta suke yi ko za a kira gayya ranar girbi. Ita dai ba ta kula su, iyaka ta ce kaura ce, irin dawar babanmu, ba a samunta a kasuwa.

Da aka fara samun sauƙi Yaya ya ce zai koma. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Shi namiji ne, ya je ya gwada, amma Inna mai hawan jini da ciwon gwiwa me za ta je yi inda asibiti sai an yi tafiya? Ta saurare ni tsaf, ta ɗauki ƙullinta ta bi ɗanta. Damina biyu na yi ina fushi, gaisuwa sai ta waya, ita ma sai sun hau tudu neman sabis. Ran nan sai labari ya iso ni cewa Inna ta faɗi a tsakar gida. Na ce shi ke nan, zuwa da kai ya fi saƙo, zan je in ɗauko uwata ko da goyo ne.

Na yi shiri irin nawa. Rabin buhun shinkafa, katan ɗin taliya, galan ɗin man gyaɗa, burodi, maganin Inna, da jakar ruwan leda babba, don ni cikina bai san ruwan rijiya ba. Maigidana ya dubi kayan ya tambaye ni ko gudun hijira zan yi. Na ce masa mutanen da suka koma kango ai ba a je musu hannu rabbana.

Ta Mando muka fita, a irin ƙaramar motar nan da ake cusa mutum huɗu a baya, biyu a gaba. Buhuna aka ɗaure a but da igiya, murfin a buɗe. Kusa da ni wata mata ce mai suna Ladi, Gbagyi ce, waɗanda mu muke ce wa Gwari, ta je ganin jikanta a Kaduna za ta koma gida. Kafin mu kai Buruku ta san sunan 'ya'yana duka, na san mijinta ya rasu, ta kuma ci rabin burodina. Direban namu surutu kamar rediyo, duk ramin da ya faɗa sai ya ba mu tarihinsa.

Ba ƙasar waje na je ba, amma na ga iyaka. A wani shingen jami'an tsaro aka tsayar da mu, ɗaya ya zagaya ya daddanna buhun ya tambayi mai shi. Na ce ni ce, abinci ne zan kai wa 'yan uwana a ƙauye. Ya nuna min manyan motocin da ke tahowa daga can, shaƙe da buhunan masara har suna rangaji.

"Hajiya, kowa fito da hatsi yake yi daga can, ke kuma kina shigar da shi?"

Na ce masa na masu shi ne wancan, nawa 'yan uwan ba su daɗe da komawa ba. Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Iyaka ta gaskiya kuwa tana gaba kaɗan, inda waya ta ɗauke. Daga nan direba ya haɗiye surutunsa, kowa ya ciro carbi, wanda ba shi da shi ya koma ƙirga gaɓoɓin yatsa. Itatuwa suka matso bakin titi. Muna wuce garuruwan da bango ke tsaye ba rufi, ciyawa ta fito ta taga, sai kuma can ka hangi sabon kwano yana ƙyalli, da shanya a kan igiya. Duk inda muka ga shanya sai Ladi ta taɓa ni ta ce, waɗannan ma sun dawo.

A tsakiyar dajin taya ta fashe. Ƙarar da ta yi, wani ɗan kasuwa da ke gaba sai da ya sunkuya ƙarƙashin kujera. Muka fito muka tsaya cirko-cirko, direba yana fama da jak a kan gangara, mota tana neman zamewa. Muna cikin haka ciyawa ta motsa, wani dattijon makiyayi ya ɓullo da sanda a kafaɗa. Ba zan ɓoye ba, na karanta duk abin da na haddace har da wanda ban haddace ba. Dattijon ya yi sallama, ya dubi motar, ya koma cikin ciyawa ya cicciɓo dutse ya tare tayar baya da shi. Ya tsaya har aka gama, ya tambaya ko akwai mai maganin ciwon kai, matarsa ce ba lafiya. Na buɗe jaka na ba shi, ya yi ta godiya da Hausarsa mai gauraye da Fillanci, ya bi shanunsa. Ba wanda ya dubi ɗan'uwansa a motar sai da muka yi nisa.

Saboda tayar nan ba mu shiga Birnin Gwari ba sai dab da magariba, 'yan acaba kuma suka ce ba mai shiga ƙauye a wannan lokacin. Ina tsaye a tasha da tulin kaya ina tunanin inda zan nufa, Ladi ta ce wane irin tunani, ga gidanta. Kafin in nemi ɗan dako ta sunkuya ta ɗora katan ɗin taliya a kafaɗa, can bayan wuya, ta yi gaba. Na ce mata ta ɗora a ka mana ta huta. Ta ce su ba sa yi wa kai haka, kai da ke ɗauke da tunanin mutum duk yini bai kamata a ƙara masa kaya ba. Mu kuwa tulu da itace muke ɗora wa namu.

Ɗakinta ɗaya da rumfa, amma a share tas. Ta dafa doya ta yi mana miyar ganye, ta shimfiɗa min sabuwar tabarma. Da za mu kwanta na ga ta cire takalmi ta kai shi bakin ƙofa ta ajiye, ta tsaya tana kallonsa tana murmushi. Na tambaye ta lafiya. Ta ce shekaru suka yi suna kwana da takalmi a ƙafa da ɗan ƙulli a ƙarƙashin kai, ko da za a ce a tashi. Yanzu duk daren da ta cire shi sai ta gode wa Allah. Ni da nake wurgi da nawa ko'ina ya faɗa, ban taɓa sanin cire takalmi ni'ima ba ne.

Da safe ta samo min ɗan acaba wanda ta yarda da shi. Aka ɗaure buhu da katan a baya, galan a gaba, ni a tsakiya na rungume jakar ruwan leda kamar jaririya. Hanyar ta bi ta cikin gonaki, ko'ina mutane na girbi, kowa muka wuce sai ya ɗago ya ce sannunku, ɗan acaba kuma sai ya rage gudu ya amsa har da tambayar gajiya. A Kaduna da ya yi haka da na sauka na nemi wani. Da muka zo wani rafi ya ce in riƙe da kyau. Na riƙe da kyau ɗin, har na matse jakar ta fashe, ruwa ya bi cinyata ya sauka cikin takalmi. Haka na shiga garin ubana da jiƙaƙƙen leshi, yara na bina a baya.

Ban sami kango ba. Yaya ya tayar da ɗakunan da jar ƙasa, ya yi sabuwar danga, rumbuna biyu an yaɓe su an buɗe baki ana jiran hatsi. Masara a shanye a tsakar gida har ba wurin taka ƙafa. Inna na zaune a gindin tsamiya tana ɓarar gyaɗa. Ta ɗan faɗa, amma idonta garau. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Auta, a rafi kika faɗa?"

Shekaruna sun haura hamsin, ina da jikoki, amma a bakin Inna har gobe ni ce Auta. Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi faɗuwar da ta yi. Ta ce akuya ta kora ta harɗe da turmi, mutane kuma ba su da aiki sai kai labari.

Talatu, matar Yaya, ta kawo min ruwa a sabuwar ƙwarya da ɗan gari a ciki, irin wanda ake tarar baƙo da shi. A nan na tafka katoɓara ta farko. Na ce ta bar shi, na laluba jaka na ciro ruwan ledar da ya tsira na huda na sha. Talatu ta ɗauke ƙwaryarta. Ta biyu kuwa da Yaya ya dawo daga gona. Na sa aka jera kayan a gabansa ina lissafa masa, ga shinkafa, ga taliya, ga mai, kada a wahala da ni, abin da na kawo za a riƙa dafa min, sauran kuma su rage zafi da shi. Na ga fara'arsa tana janyewa. Ya dubi buhun, ya dube ni.

"Auta, shekara da shekaru na ci a hannunki, ban taɓa zuwa da tukunyata ba. Yau ɗaya da Allah ya kawo ki gidana da kaka, ki bari ki ci a nawa mana."

Maganar ta shige ni har ƙashi. Na ce a kai kayan zaure a ajiye, na kira Talatu na ce ta dawo min da ƙwaryata. Na shanye tas, kuma ga ni nan, ban mutu ba.

Da yamma aka yi tuwon dawa da miyar kuka, an ji daddawa, an zuba man shanu. Na ce kaɗan zan ci, sai ga ni ina suɗe kwano. Yaya na daga gefe yana satar kallona, duk lomar da na kai sai fuskarsa ta ƙara sakewa. Da safe ɗumame da kunun tsamiya. A can ba agogo ke tashin mutum ba, luguden daka ne daga gida zuwa gida. Ba a kulle ƙofa da rana. Kwanon abinci yana ƙetare danga ya dawo da wani abu a ciki, ba kuma mai tambayar wa ya aiko. Mu a layinmu sai ka shekara ba ka san me maƙwabcinka ke dafawa ba sai dai ƙamshi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne bakin Inna. A gidana shiru-shiru ce, ta ci ta yi salla ta kwanta. A nan kuwa tun asuba take, kuma rabin maganarta godiya ce. Guga ya fito da ruwa, alhamdu lillahi. Kaza ta fito da 'ya'yanta ba wanda shaho ya ɗauka, alhamdu lillahi. Jikoki sun dawo daga kiwon awaki ana faɗa a kan rake, nan ma alhamdu lillahi, wai gidan da ake jin faɗan yara gida ne. Na tsokane ta na ce wata rana sai ta gode wa Allah a kan sauro. Ta ce ai ta riga ta yi, don wanda sauro ya hana barci yana da ɗakin kwana ke nan.

Duk da haka ban manta abin da ya kawo ni ba. Na same ta ita kaɗai na zayyana mata komai. Jininta yana hawa, gwiwa ta ƙi, in wani abu ya taso da dare kafin a kai ta gari an wahala, hanyar ma yau lafiya gobe Allah kaɗai ya sani. Ɗakinta na nan na sa an yi masa fenti, har fanka na saya. Ban rage komai ba, kuma har yanzu ina ganin gaskiya na faɗa. Ta ce ta ji, in bari sai gobe, gobe ana ɗaurin dawa.

Washegari ta ɗauki sandarta da wani tsohon kwando ta ce in biyo ta. Gonar ba nisa, amma da tafiyar Inna sai da rana ta ɗaga. Mun tarar an riga an yanke zangarniya an tara tsibi-tsibi, Yaya da maƙwabta majiya ƙarfi suna zaune a inuwa da igiyoyinsu. Na tambayi Yaya me suke jira rana na yi. Ya ce Inna. A gidanmu tun zamanin Baba ba a ɗaure dami ko ɗaya sai an fitar da iri, kuma ba mai fitar da shi sai babbar mace a gida.

Na tsaya ina kallo. Tana bin tsibin ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga zangarniya ta auna nauyinta a tafin hannu, ta murza ƙwaya, wani lokaci ta kai baki ta ciza. Wadda ta yi mata ta jefa a kwando, wadda ba ta yi ba ta mayar. Sai ta bar tsibi sannan maza su taso su ɗaure. Ba mai ce mata ta yi sauri. Ƙwayar manya-manya, ruwan ɗorawa, na ce wa Yaya ban taɓa ganin dawa mai kyan wannan ba, ina ya samo irin. Ya dube ni kamar ina wasa.

"Ba ki gane ta ba? Gonar bokiti ce. Bara a bayan gida ta shuka, ta hana kowa cin ko ƙwaya ɗaya. Bana ga ta nan. Maƙwabta ma duk sun sa baki, don nasu irin ya ƙone tare da rumbuna."

Na dubi gonar daga wannan kai zuwa wancan, na tuna yagaggen gidan sauron nan da dariyar da muka sha. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba, ni kuwa har da jikokina a kan rimin. Hawaye suka zo min, na bar su suka zuba, don na farin ciki ne.

Da ta gaji ta zauna a kan kunya, ta kira ni na zauna kusa da ita.

"Auta, a gidanki ban nemi komai na rasa ba, Allah ya yi miki albarka. Amma can in gari ya waye ba abin da ke jirana sai abinci. Nan kuwa kin gani da idonki. Maganin da kika kawo zan sha, in ya ƙare wancan zai sayo min ranar kasuwa." Wancan shi ne Yaya, ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. "In kuma kwana ya ƙare, ai a Kaduna ma ana mutuwa."

Na buɗe baki in yi musu, abin da na fi iyawa a duniya. Sai ta jawo kwandon ta tambaye ni ko bokitanta na nan. Na ce suna nan a jibge inda ta bar su. Ta tona ta zaɓo zangarniyoyi mafiya kyau cikin waɗanda ta zaɓa, ta kwance ɗankwalinta ta ƙulle su, ta ɗora min a cinya.

"Ruwan farko ki bar shi ya wuce, na biyu ki shuka. In an ci gaba da zama lafiya, kin sami abin kallo a bayan ɗaki. In kuma ba a zauna ba, mun san inda iri yake."

Ranar da zan taho kayana sun fi na zuwa nauyi. Masara, gyaɗa, kuka, daddawa, da zakara wanda ya yi ta yi min kashi a ƙafa har Mando. Shinkafar Talatu ta ce ta karɓa, amma sai ranar salla, a matsayin tsaraba. Na biya na gaida Ladi na bar mata turmin atamfa. A shingen nan jami'in ya gane ni, ya leƙa but ya ce to yanzu Hajiya ta bi hanya daidai.

To, masu tambaya, kun ji. Hanya akwai ramuka, akwai fargaba, akwai kuma mutanen kirki. Inna tana gidanta, na yi magana da ita shekaranjiya, ta hau tudu da ƙafarta. Hajiya Balaraba ta shigo ran nan ta ce ashe dai na dawo hannu wofi, na kai ta ɗakin girki na nuna mata ƙullin ɗankwali a rataye inda hayaƙi ke bugawa. Bokitan na wanke su, na sa an kawo min ƙasa daga bakin kogi, gidan sauron ma na ajiye wani tsoho. Jikokina sun fara tambaya ko za a kira gayya ranar girbi. Na ce musu su yi dariyarsu, amma duk wanda ya taɓa min bokiti ni da shi ne.